Yashin da Inna ta gasa

"Tuƙa, Mushe, kar ka kalle ni!" Haka kakana ya ce daga cikin jirgi, ya dunƙule ya riƙe ciki, ni kuma ina ta fama da ruwa daga Tounouga zuwa Gaya. Tun da na gudu daga lakwal, makarantar boko, yake kirana Mushe, wato malamin makaranta, don tsiya. Kullum da safe da yatsan ƙafa yake zungura ta: "Tashi, Mushe, tsuntsaye sun riga ka shiga shinkafa." Ƙafar nan ɗumi gare ta kamar tuwo.

Ran nan a cikin jirgi da ta taɓa ƙwaurina sai na ji ta kamar kifi.

Kafin nan, kwana uku Inna, matarsa, tana gasa yashi a kasko tana binne masa ƙafafu. Duk mun ɗauka sanyin kogi ne. Da muka isa asibitin Gaya, lokotoro ya ce a'a, wata tsoka ce bayan tumbi ta kumbura, jijiyoyin jini suka tsuke, jini ya daina isa ƙoda da ƙafa. Shi ya sa fitsari ya tsaya. Kafin la'asar kakana ya cika.

Yau shekara guda. Ina dako a tashar Gaya, na kasa komawa gida. Ɗazu na taka yashi mai zafi, sai na tsaya cak. An ce har yanzu Inna ba ta taɓa kaskon nan, wai yashinta ne ya kashe shi.

Na aika wani mai jirgin Tounouga: "Ka ce wa Inna ba hannunta ba ne, ɗumin da ya ji na ƙarshe nata ne. Allah ya sanyaya masa makwanci. Ina zuwa girbi."