Tansiyon Baba Daban, Nawa Daban

Ni ɗiyar Madarunfa ce, auta a ɗakinmu. Lokacin da abin nan ya same ni ban daɗe da samun brebe ba, wato takardar gama ƙaramar sakandare, ina gida ina taya Inna suyar ƙuli-ƙuli, ran Lahadi kuma ina cikin masu waƙa a majami'armu. Yarinya ce ni mai rawar kai, mai ganin ta yi lakwal, wato boko, ta san komai. Babanmu bai daɗe da rasuwa ba. Tansiyo ne ya kashe shi, wanda ƴan Najeriya ke ce wa hawan jini. A gona ya faɗi, wajen hanyar Safo, aka kawo shi a amalanken jaki bakinsa a karkace, bai sake magana ba har ya cika. Tun daga ranar tansiyo ya zama kamar maciji a gidanmu, ba a kiran sunansa da ƙarfi.

Faɗuwata ta farko a majami'a ce, da bazara. Mun daɗe a tsaye muna waƙa, sai na ji hamma tana zo mini ba dalili, zufa mai sanyi ta keto, kunnuwana suka ɗauki ƙara, fuskokin mutane suka yi nisa. Na farka a ƙasa mata suna yi mini fifita da zannuwansu. Kowa ya ce zafi ne. Da abin ya sake maimaituwa a layin famfo, sai na tafi disfansar, ƙaramin asibitin garinmu, ni kaɗai. Majo, wato babban mai jinya na wurin, ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya matsa, ya saurara, ya ce tansiyona ba shi da kyau. Ya ci gaba da bayani, na ga bakinsa yana motsi, amma wallahi ban ji ko kalma ɗaya ba bayan wannan. Amalanken nan kawai nake gani. Na ce to, na miƙe na fita. Ban tambaye shi komai ba, ban kuma koma ba.

Da na gaya wa Inna, ta ajiye ludayi ta zauna a ƙasa. Ta ce ciwon da ya ɗauke mata miji ba zai ɗauke mata auta ba tana ji tana gani. Ai ta yi jinyar tansiyo, ta san dokokinsa sarai. Daga ranar ta raba mini tukunya: miyata ba gishiri, ba dunƙule, ba kanwa. Ta buɗe gwangwanin da ta adana sauran ƙwayoyin Baba, ta riƙa ba ni ɗaya kowace safiya da hannunta, tana tsaye har sai na haɗiye. Da suka ƙare, ta ba wata maƙwabciyarmu mai fatauci zuwa Ɗan Issa kwalin, ta sayo mana irinsu. Ni da na iya karanta Faransanci na karanta kwalin, na ga an rubuta na tansiyo ne, hankalina ya kwanta.

Sai abin ya ƙaru. Na daina iya tashi daga tabarma kai tsaye, sai na dafa bango na jira duhu ya washe. Na bar waƙa, na bar zuwa famfo. Duk lokacin da na faɗi, Inna ta ce ciwon ne ke ƙarfi, ta ƙara tsananta dokar gishiri. Ni kuwa kullum sai na duba madubi in ga ko bakina ya fara karkacewa. Ranar da na faɗi kusa da kaskon suya, tafasasshen mai ya zubo mini a hannu, tabon yana nan har yau. Ranar ce Inna ta ce ta gaji, gobe Maradi.

Likitan da muka gani a can dattijo ne marar yawan magana. Ya saurari ƙirjina, ya tambayi yadda faɗuwar ke zuwa, ya tambaya ko an rubuta mini magani a disfansar. Na ce a'a, gaskiya kuma na faɗa, ba su rubuta ba. Ya ce yana so ya ga abin da idonsa, zai jawo suman da gangan. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya ce in dawo da safe ban karya kumallo ba. Ban karya ba, amma Inna ta ba ni ƙwayata da ruwa kamar kullum, don a ganinmu magani ba abinci ba ne.

Ɗakin hoton ƙashi aka kai ni, wanda muke ce wa radiyo, domin teburin wurin ne ke iya miƙewa tsaye da mutum a kansa. Ƙarfe ne mai sanyi, da ɗan matakin ƙafa a ƙarshensa. Wata mai jinya ta kwantar da ni rigingine, ta ɗaure ni da maɗauri a ƙirji da gwiwoyi, tana tsokanata wai amarya ba ta gudu daga lalle. Ban iya dariya ba. Ni dai makara na tuna, yadda ake ɗaure gawa don kada ta zame. Inna tana bakin ƙofa, an ce kada ta wuce nan, leɓɓanta suna motsi da addu'a. Likita ya auna ni a kwance, ya ɗan yamutsa fuska, ya riƙe wuyan hannuna yana duban agogo. Sai teburin ya yi gurnani ya fara tashi da ni, har na kusa tsayuwa sosai. Aka ce kada in motsa ƙafa, in faɗi duk abin da na ji.

Da farko zuciyata ta riƙa dukan uku-uku kamar za ta fasa ƙirji. Mai jinya tana matsa abin awo tana faɗa wa likita lambobi, kowace lamba ƙasa da ta baya. Sai hammar nan ta zo. Na san ta. Zufa, tashin zuciya, ƙarar kunne. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, na ji bugun zuciyata da kaina yana raguwa, yana jinkiri, kamar mai daka da ta gaji tana ɗaga taɓarya da ƙyar. A gida in na ji haka ƙasa nake nema, a nan kuwa an ɗaure ni a tsaye. Na roƙe su su sauke ni, na ce musu mutuwa zan yi irin ta Baba. Na ji likita daga nesa yana cewa in ƙara haƙuri kaɗan, yana riƙe da ni. Na kira Inna, ban sani ba ko muryar ta fita.

Na farka a kwance, an ɗaga ƙafafuna sama. Inna ta karya doka ta shigo, tana riƙe da kaina tana kuka. Likita ya ce mata ta kwantar da hankali, ya ga abin da yake nema: da na tsaya, jini ya taru a ƙafafu, tansiyona ya sauka ƙasa ƙwarai, zuciya kuma maimakon ta ƙara himma sai ta lafa. Inna ta share hawaye, ta ɗaga hannu sama ta gode wa Ubangiji. Ta ce ashe wahalarta ba ta tafi banza ba, tunda ya sauka, maganin yana aiki ke nan.

Likita ya tambaye ta a hankali, wane magani. Ta kwance bakin zane ta miƙa masa kwalin, har da ɗan alfaharinta. Ya daɗe yana dubansa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce tansiyo hanya biyu gare shi, akwai mai hawa akwai mai sauka. Na Baba mai hawa ne, nawa tun asali mai sauka ne, kuma ba irin mai kisa ba. Ƙwayoyin nan da hana gishiri su ne suka riƙa tura ni cikin ramin da nake bakinsa. Ya ce in daina su, in riƙa shan ruwa sosai, in ci abinci irin na kowa, in na ji hammar nan in kwanta nan take ko a tsakiyar kasuwa ne. Inna ta ɗaure bakin zanenta, muka fita muka hau mota.

Na samu sauƙi, na koma waƙa, ko da yake a ƙarshen layi nake tsayawa kusa da benci. Amma har yanzu in na ji gurnanin ƙarfe teburin nan nake tunawa, ina kuma yawan kai yatsa wuyana in tabbatar zuciyata tana bugawa. Ƴan uwana mata, abin da nake roƙonku ke nan: in an faɗa muku sunan ciwo, kada tsoro ya toshe muku kunne kamar ni. Ku zauna ku ji ƙarshen magana, ku tambaya hawa ya yi ko sauka. Kada ku sha maganin wani don sunan ciwonku ɗaya, ko da uwa ce ta miƙo da hannun ƙauna. Ku kuma gaya wa likita duk abin da kuke haɗiya, ko bai tambaya ba.

Ranar da muka dawo, Inna ta haɗa tukunyarmu wuri ɗaya. Na ga ta ɗebo gishiri ta tsaya a kan miya, ta kasa saki. Ni na kama hannun na buɗe mata yatsu.