Kwamfutar Yaya da Motar Kuyello

Shagon buga takardu muke da shi, ni da yayana, a bayan tasha a Birnin Gwari. Kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya, sai janareta mai shan fetur kamar me. Wuta ba a maganarta. Dokar Yaya ita ce, da an sallami mutum a kashe komai, sai wani ya shigo a sake tayarwa.

To, a wajen tayarwar nan muke samun saɓani. Yaya mutum ne mai tara tarkace. Duk manhajar da ya gani sai ya zuba, kuma kowacce ya ba ta izinin tashi tare da kwamfutar: mai kashe bairos har biyu, mai nuna lokutan salla, mai hasashen ruwan sama, da wata da shi kansa ya manta aikinta. Da aka katse sabis a yankinmu abin ya ƙara lalacewa, don kowacce sai ta tsaya neman intanet ɗin da babu shi kafin ta haƙura. Ka kunna, ka je ka sayo rake, ka dawo tana nan tana lalube.

Na ce a hana su tashi, wadda ake bukata a buɗe ta da hannu. Ya ce a'a, masu gadi ne, filas ɗin da mutane ke kawowa a sa a kwamfuta cike yake da cuta. Na ce mai hasashen ruwa wane gadi take yi? Ya ce ni yaro ne, gaggawa ta yi mini yawa. Haushi nake ji sosai, amma da kuɗinsa ya saye ta.

Wata ranar kasuwa wata malamar firamare daga Kuyello ta shigo da filas, tambayoyin jarrabawar ɗalibanta ne a ciki, washegari za su rubuta. A lokacin motoci tare suke fita saboda 'yan bindigar daji, kafin la'asar, wanda ya makara ya makara. Motarsu ta cika, ita ake jira.

Yaya ya ja janareta, ya kunna. Kwamfuta ta shiga lalubenta. Direba ya danna oda.

"Ka gani ko?" na ce.

"Rufe mini baki. Kai ka taɓa ta jiya, shi ya sa."

Wallahi ban taɓa ba. Muka hau cacar baki a gaban matar, tana tsaye da jaka a kafaɗa, tana leƙa ƙofa. Ta ce, "Malamai, don Allah." Ko juyowa ba mu yi ba. Kafin firinta ta fitar da shafin farko motoci sun ɗaga.

Yaya ya ce ta kwana a gidanmu wajen Inna. Ta ce yara za su zo da safe, wasu daga nesa, ba za su tarar da aji babu malama ba. Ta rungume takardunta, ta samu ɗan acaban da ya yarda, suka kama hanya su kaɗai.

Ba sabis, ba wanda za mu kira. Mako guda ba mu yi gardamar komai ba. Tsoro nake ji, shi ma na san yana ji, don duk babur ɗin da ya fito daga wajen Kuyello sai ya tashi ya tare shi da tambaya.

Sai kasuwa ta gaba direban ya ce mana ta isa. Ɗan acaban ya ƙi wuce wata kwana, ta ƙarasa da ƙafa, an yi jarrabawa.

Yaya bai cire manhaja ko ɗaya ba, kuma har yau bai ce ni ke da gaskiya ba. Amma daga ranar, duk ranar kasuwa tun hantsi yake tayar da janareta, ba ya kashewa sai ya fita bakin titi ya ga motar Kuyello ta tashi.