Faifai Mai Agwagwa

Babanmu mai gyaran garmaho ne, duk layin shagunan nan Allura suke ce masa. Maƙwabta sun ce saboda sana'ar ce, Mama kuwa ta ce saboda siririn jikinsa ne, da kuma yadda ba ya fitar da sauti sai an ɗora shi a kan abu. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin tela da mai gyaran agogo. Akwai teburi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, sai faya-fayai jingine da bango har kusa da rufi. Duniya ta koma kaset, ta bar kaset ta koma waya, Baba bai motsa ba. Kullum da safe zai buɗe, ya goge teburi, ya zauna jiran masu taurin kai irinsa.

Ban taɓa jin ya jera magana uku ba tare da an ja shi ba. Ranar da na haifi ɗiyata ta fari ya zo asibiti, ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Kunnenta ya yi kyau." Shi ke nan. Na yi sati ina fushi da shi, don ni bakin Mama na gado, abin da ke cikina ba ya kwana. Amma ko yatsa ka ƙona, kafin ka gama ihu Baba ya iso da ruwa.

Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, Mama ta ɗauko wata magana da ta hana ni sukuni. Tana ninke rigunansa ta ce, "Auta, mutumin kirki ne ubanki. Tausayina ya ji ya aure ni, kuma bai taɓa yi min gori ba."

"Haba Mama, wane irin tausayi ne zai kai shekara arba'in?"

"Irin nasa. Ke kin taɓa jin ya ce yana sona? To ni ma ban taɓa ji ba."

Ba da kuka ta faɗa ba, shi ya sa ya fi yi min ciwo. Ta riga ta yanke wa kanta hukunci, kuma wanda zai ƙaryata ta yana ƙasa.

Labarin da ke bayan wannan magana mun san shi tun muna yara, a gutsure-gutsure. Mama tana budurwa ta yi aiki a masana'antar buga faya-fayai. Aikinta ta sa takardar tsakiya a ƙasan inji, ta ɗora curin baƙar roba mai zafi, ta sa wata takardar a sama, ta ja ƙarfe inji ya matse. In ya buɗe ta ciro faifai ta kai wa wuƙar da ke datse rarar gefe. Baba shi ne mai duba injuna. A lokacin ana buga wani ƙaramin faifai na kiɗan rok, waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, na wasu samari huɗu masu jita da ganga da suka haukata gari. Wata safiya jajayen takardunta na ƙasa suka ƙare, ta miƙa hannu ta jawo wani ɗauri ba ta duba ba, don idonta na kan mai duba injuna da ya tsuguna kusa da ita. Ashe takardun faifan waƙoƙin yara ne, rawaya, da zanen agwagwa sanye da hula. Har tsakar rana tana bugawa.

Sai bayan kwanaki aka gano, da shaguna suka fara dawo da kwalaye. Wasu an riga an sayar. Masu shago suka riƙa rataye faifan a ƙofa ana dariya, ga agwagwa a tsakiya ga tsawar jita a ciki. Shugaban sashe ya kira Mama gaban kowa ya ɗaga faifan sama, ya sallame ta. Ba a yi sati biyu ba Baba ya zo gidansu da mayafin da ta manta a wurin aiki, daga nan magana ta fara. Shi ya sa take lissafa abin haka: an kore ta, ya ji tausayi, ya zo. A gidanmu ba a taɓa sa wannan waƙa ba. In ta faɗo a rediyo Baba ne ke tashi ya murɗa.

Da mai benen ya ce yana son ɗakinsa, ni aka bar wa kwashe shagon, don yayana yana nesa kuma shi a waya yake iya taimako. Na yi kwana biyu ina atishawa ina mita. A lungun da matakala ta fi sauka ƙasa, bayan wata matacciyar lasifika, na jawo wani kwali mai nauyi. Na buɗe na zaro faifai ɗaya, agwagwa ta kalle ni. Na zaro wani, ita ce. Kwalin cike yake da ita, kowanne a rigarsa ta takarda, a jere tsaf.

Na ce a raina in Mama ta ga wannan, shi ke nan ta sami shaida, za ta ce ya yi rayuwarsa yana bin bayanta yana share mata kunya. Na yi niyyar in rabu da kwalin ba ta sani ba. Mai gyaran agogo ya haɗa ni da wani dillalin tsofaffin faya-fayai, ya zo washegari da hantsi, mutum mai furfura a gemu, da jaka da gilashin ƙara girman abu rataye a wuya. Sai da ya wanke hannu kafin ya taɓa komai, abin da ya sa na fara ganin mutuncinsa.

Ya bi bango yana zarowa yana mayarwa. Da na turo masa kwalin ya ɗaga murfi, sai ya nemi kujera ya zauna.

"'Yar'uwa, kin san abin da ke nan?"

"Na sani. Kuskure ne."

Ya yi dariya ya ce in matso. Wannan waƙa, in ji shi, faifanta iri uku ne. Na farko mai jar takarda, robarsa da kauri. Na biyu mai shuɗiyar takarda, an yi shi bayan shekaru, ya fi sirantaka kuma gangar ba ta fita sosai, shi ne ya cika kasuwa. Sai kuma ɗan abin da ya kuɓuce daga cikin bugun farko, wanda masu tara faifai ke kira mai agwagwa, shi kowa ke nema. Har na jabu ake yi, a buga hoton agwagwa a manna a kan mai shuɗiya. Ya kama yatsana ya bi da farcena bakin takardar. "Kin ji bai kama ba? Na gaskiya da zafi aka matse takardar ta shige cikin roba. Na jabu farce zai tsaya." Ya ba ni gilashin ya nuna min filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takarda, inda aka karce wasu lambobi ƙanana da hannu. Na bugun farko ne kaɗai ke da su haka.

"Shekara da shekaru muna mamakin inda suka shige," ya ce. "Ashe wani bawan Allah ne ke bi yana tsince su. Shi ya sa suka yi tsada, ya kwashe su daga kasuwa. Kuma dubi, ko allura ba ta taɓa hawa kansu ba."

Ya faɗi abin da zai iya biya, na ce ya maimaita. Ina cikin wannan sai na ji muryar Mama tana gaisawa da tela. Ta shigo da fulas ɗin shayi, wai ta san ban karya ba. Na yi wuf zan rufe kwalin, amma ina, faifai uku na kan teburi a ƙarƙashin fitila, rawaya ɓaro-ɓaro.

Ta ajiye fulas a hankali. Ta dubi teburi, ta dubi kwali, ta dube ni.

"Kin gani ko, Auta? Har bayan aure yana rufa min asiri."

Dillalin bai san dawan garin ba, ya gaishe ta ya ci gaba da aikinsa. Can ƙasan kwalin ya zaro wani da ba shi da riga, an naɗe shi cikin tsohon ƙyallen goge hannu. Ya ɗaga shi ga fitila ya girgiza kai.

"Wannan kam an kashe shi da saurare. Layukansa sun yi fari, ba wanda zai saya don ya ji." Sai ya tsaya, ya kawo gilashi. "Ikon Allah. Mama, wannan bai taɓa shiga kasuwa ba. Dubi bakinsa, ba a datse rarar ba. Daga inji aka ɗauke shi kai tsaye, da zafinsa ma, ga inda yatsa ya lotsa gefen."

Mama ta miƙa hannu ya ba ta. Ta riƙe shi yadda ma'aikata ke riƙewa, tafin hannu a gefe da gefe. Ta daɗe tana shafa bakin nan mai kaushi.

"Ranar ce," ta ce, ba da mu take ba. "Babansu ya ce in ba shi ɗaya kafin in datse, wai zai duba ko injin yana zafi daidai. Injina kuwa lafiyarsa ƙalau, duk sashen ba wanda ya kai shi. Kullum sai ya zo duba shi."

"Kafin a sallame ki ke nan, Mama," na ce.

"Da kwanaki. Ba wanda ya sani tukuna, ni ma ban sani ba." Ta juya faifan, agwagwa ta fito. Sai na ga bakinta ya fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ke kokawa da shi. "Auta, a gabana ya juya shi gaba, ya juya shi baya, ya ce min aiki ya yi kyau. Agwagwa da hularta a hannunsa, bai gan ta ba!"

Ta zauna a kujerar Baba, hawaye na zuba tana dariya. "Ashe ba ni kaɗai ce ba na kallon aikina ba."

Dillalin ya cire gilashinsa ya shiga gyara zaman jakarsa, wadda ba abin da ya same ta. Ni kuwa na yi kukana a fili, na ji haushin Baba na kuma ji sonsa lokaci guda. Mutum ya zauna a ƙarƙashin matakala shekara da shekaru yana sauraron faifai ɗaya har ya cinye shi, amma ya kasa buɗe baki ya faɗi kalma biyu a gida.

Mama ta share fuska da bakin mayafi ta ce wa dillalin ya ɗauki sauran, ya kai wa masu so, ta gaji da ɓoyo. Ya tambaya ko za ta sa masa hannu a rigar guda ɗaya, tunda ita ta buga su. Ta harare shi, sannan ta ce ya kawo biro.

Da ya tafi ta nuna min garmahon da ke kan teburi, wanda Baba bai taɓa yarda a sayar ba.

"Sa mana faifan nan nasa."

"Dillalin ya ce fa ya mutu, Mama. Ƙara kawai za ki ji."

"Sa dai. Abin da ubanki ya ji nake so in ji."

Na ɗora allura. Shuuu ta fara fitowa kamar ana soya abu, can ƙasa jita ta taso da ƙyar, ganga na bin ta. Mama ta zuba shayi a murfin fulas ta riƙe, ba ta sha ba. Da waƙar ta ƙare allura ta shiga zagaye a fili, ta ce in mayar da ita farko.