Koren Allon Kawu Seidu

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Kawu Seidu, ƙanen mahaifiyata, mai zanen taswirar gidaje a unguwar Lamashegu. Ya bar mana kwamfuta ɗaya, wadda in an kunna ta sai ka gama shan koko, ka wanke kofin, kafin ta farka. Yayana Fuseini ne ya gaje ta, tare da sana'ar. Ni Rukayya, shekarata goma sha shida, na gaji bakinsa kawai.

Duk wanda ya san Kawu ya san allon kwamfutarsa. A manhajar zanen gini kowa na iya zaɓar launin da zai yi zane a kansa, yawancin mutane baƙi ko fari suke sakawa. Shi Kawu ya zaɓi wani kore mai duhu, kamar miyar ayoyo da ta kwana a tukunya. Bango ja ne a wurinsa, bututun ruwa shuɗi. Ina ƙarama na sha gaya masa allon nan zai sa akuya amai. Sai ya ce, "Uwar surutu, idonki ne ko nawa?"

Watan jiya Yaya Fuseini ya gaji da koren. Ya ce masu kawo aiki suna kallonsa kamar mai sayar da ganye. Ya shiga saiti ya mayar da allon fari tas, kamar rigar liman ranar idi. Sannan ya buɗe wani tsohon zanen Kawu, na wani Alhaji da zai ƙara ɗakuna a gidansa na Vittin, ya dasa sabon bayan gida a kusurwar da ta yi masa daɗi.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In wuce allon, in dawo, in sake leƙawa. Wani abu ya ɓace, na kasa tuna mene ne. Na tambayi Yaya har sai da ya yi barazanar tura ni Sagnarigu wurin kakarmu a ƙafa. Ga shi magina sun riga sun sauke bulo, Alhajin kuma mutum ne da in ya ɓata rai, duk zango sai ya ji, aikin Yaya ya mutu ke nan.

Goggo Adisa, matar marigayin, ita ta warware. Ta shigo da tuwo, ta dubi allon, ta ajiye kwano.

"Fuseini, ina alƙibla?"

"Goggo, wannan kwamfuta ce, ba masallaci ba."

"Kawunka bai taɓa zana gida ba tare da ita ba. Mayar da korensa."

Ya mayar yana gunaguni. Sai ga wani siririn layi rawaya ya fito, ya ratsa gidan daga kusurwa zuwa kusurwa. Kawu yana jan shi a kowane zane, don kada bayan gida ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. A kan fari rawaya ba ya ganuwa. Sabon bayan gidan Yaya kuwa ya zauna a kan layin cas, yana fuskantar alƙibla, kamar da awo aka yi. Ban taɓa ganin mutum ya hau babur da saurin nan ba. Ina jin takalminsa ɗaya har yau yana hanyar Vittin.

Da Kawu zai leƙo yau, ban san wa zai fara yi wa faɗa ba. Yanzu yara na zana gida a waya suna cin gyaɗa. Ni ma na fara koyo, kuma har yanzu ina ganin korensa mummuna ne.

Tsohuwar kwamfutar ta mutu da koren a cikinta, Yaya ya kawo sabuwa. Kawu bai gaya wa kowa yadda ya haɗa launin ba, don haka jiya muka zauna muna gwadawa, Goggo na tsaye a bayanmu.

"Ƙara duhu, Rukayya. A'a, ya yi yawa. Rage kaɗan."

Na rage. Ta jawo kujera ta zauna.

"Yauwa," ta ce. "To ja layin."