Ranar da Umma Ta Hau Keke

Ranar wata Laraba ce da hantsi, cikin hutun Sabuwar Shekarar Sinawa, shekarar da na cika goma, Abbanmu ya tsayar da motar da ya ɗauko haya a gefen wani titi a tsibirin Hainan, ya fito ya riƙe ƙugu yana kallon wani allon hanya. An kewaye allon da ja, a tsakiya an zana ƙaho an ja masa layi. Ni da ƙanena Sadiku muka tsaya da kekunanmu na haya muna jiran fatawa. Ya daɗe yana nazari, sannan ya ce, "Nan an hana busa algaita." Umma ta leƙo daga mota ta ce, "Anya ba hon suke nufi ba, Alhaji?" Ya ce ina aka taɓa ganin hanyar da za a hana direba hon. Ya koma ya danna shi da ƙarfi don ya tabbatar mana, kajin wani gida suka watse cikin bishiyoyin kwakwa.

A Guangzhou muka taso. Abba yana sayen wandunan jins a Xintang da riguna a Shisanhang yana aika wa 'yan kasuwar Kwari a Kano. Gidanmu yana can saman wani dogon bene, falonmu kuwa rabinsa dilolin kaya ne masu warin rini. A kansu muke wasan ɓuya, a kansu muke barcin rana. Idan mun dawo daga makaranta, aikinmu shi ne tsinke zaren da ya yi saura a jikin wanduna, Umma tana ninkewa, Abba yana ɗaure kwalaye da salatif yana faɗa da wani lawban, wato mai masaƙa, a waya. Sinancinsa bai wuce na ciniki ba, amma bai taɓa yarda cewa akwai abin da bai gane ba. Lasisin tuƙin ƙasar ma yana da shi, sai dai haddace amsoshin ya yi, yana fitowa daga jarrabawa ya zubar da su a bakin ƙofa.

Umma ba ta cika fita ba. In ta gama tuƙa tuwon shinkafa ta kaɗa miyar kukar da matafiya suke kawo mana daga gida, sai ta tsaya a taga tana kallon titi. Na daɗe ina zaton kewar Kano ce, ashe kekuna take kallo. Tsofaffin mata suna wucewa da kabeji a kwando, wasu da jikoki a baya, suna tuƙi hankali kwance. Wata rana tana yi min kitso ta ba ni labari. Mahaifinta mai gyaran keke ne a Gwarzo. Duk keken da aka kawo faci, in ya tafi masallaci, sai ta sulale da shi bayan gari ta yi ta gudu a tsakanin gonakin gero. Da ta fara girma aka ce ya isa haka, ta zama budurwa. Tun daga nan ba ta sake taka feda ba. Ta ja min kunne kada in faɗa wa kowa, ni kuwa maganar ta zauna min a rai, don ban taɓa jin Umma ta ce tana son wani abu don kanta ba.

A wannan hutun masaƙu suna rufewa, ma'aikata su tafi ƙauyukansu, duk inda ka ƙwanƙwasa sai a ce maka meyo, wato babu. Zaman gida ya ishi Abba, shi ne ya kwashe mu zuwa Hainan. Jirgin ƙasa muka hau, da muka kai bakin teku aka rarraba shi aka tura cikin cikin jirgin ruwa, mu muna zaune. Sadiku ya rantse in ya ba da labarin nan a Kano za a ce maƙaryaci ne. Mun baro sanyi da hazo, muka tarar da rana irin ta gida, da ruwan kwakwa, da yashi mai ƙona tafin ƙafa.

A bakin masaukinmu wata tsohuwa take ba da hayar kekuna. Abba ya ɗaukar mana biyu, nawa ya ɗan fi ƙarfina. Na ga Umma ta danna tayar kekena da babban yatsa, ta matsa birki, ta ce a hankali, "Alhaji, ni ma da zan ɗan gwada." Ya yi dariya kamar ta yi wasa. "Matar aure da 'ya'ya a kan keke? Hausawa ko'ina suna nan. Kafin mu koma labarin ya riga mu zuwa Kwari." Ta juya ta shiga mota. Na ji haushin Abba ranar nan ƙwarai.

To, bayan allon algaita muka ci gaba, mu a gaba a kan kekuna, mota tana biye da mu a hankali. Kowane allo Abba yana da fassararsa. Wanda aka zana saniya, ya ce kasuwar kara ce a gaba. Wanda aka zana mota da wuta a kanta, ya ce gargaɗi ne ga masu tsohuwar mota. Sai muka iso mararraba, inda wata siririyar hanya ta ratse da allo shuɗi mai hoton keke. Abba ya ce nufinsa direba ya kula da masu keke, su kuwa ga su nan, 'ya'yansa ne, yana kula da su. Ya karya kan mota ya shiga. Hanyar ta yi ta matsewa tsakanin gonakin shinkafa, har ganyen ayaba yana shafar gilashi. Da ya ga ba wurin juyawa sai ya sa ribas, tayar baya ta zame ta faɗa magudanar ruwa.

Muka tura, Abba ya ba ta wuta, taɓo ya wanke masa farar shaddarsa, mota ko gezau. Babu kowa a gonakin, duk ana gida ana biki. Ƙauyen da muka wuce yana da nisa, bai yarda yara su tafi su kaɗai ba, ga rana ta take. Sai ya naɗe hannun riga ya karɓi kekena. A nan asiri ya tonu. Mutumin da ya sha tuƙi daga Kano zuwa Legas bai iya keke ba. Tun yana yaro yake zaman kanti, daga tafiyar ƙasa sai mota. Ya hau, kan keken ya yi gabas ya yi yamma, sai ga Abba zaune daɓas a cikin shinkafar mutane. Sadiku ya toshe baki har hawaye.

Umma ta fito daga mota. Ba ta yi dariya ba. Ta tayar da keken, ta mayar da sarƙar da ta zame ba ta ko duba ba, ta goge hannu da ganye, ta tattare abayarta a kan wandon da ke ciki. Sannan ta tsaya tana kallon Abba. Shi ma ya kalle ta, ya kalli mota, ya kalli hanya ya ga ba kowa. Ya ce, "To, a dai yi a hankali."

Ni na hau na Sadiku don in yi mata tafinta. Da farko keken ya ɗan yi rawa da ita, daga nan ta miƙe. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Hijabinta ya cika da iska, bayanta a miƙe, ina ta haƙilo ban kamo ta ba. Ni ce 'yar fari, saboda haka Umma ba ta kiran sunana, daga "ke" sai "yarinyar nan". Amma da muka hau wata gangara mai kallon teku, ta waiwayo tana dariya ta ce, "Zulai, saki birkin nan mana." Na saki. Daɗi ya kama ni har na rasa na gangarar ne ko na sunan. Da muka iso hanyar shiga ƙauyen ta wuce abinta kamar ba ta gani ba, sai da muka kai bakin ruwa muka zagayo. Ta ce kada in faɗa, Alhaji zai iya ɗan jira.

Muka dawo da wani dattijo da ɓaunarsa, ya ɗaura igiya ya fizgo motar, ya nuna wa Abba shuɗin allon nan yana girgiza kai, ashe hanyar kekuna ce kawai. Abba ya yi ta shiyeshiye, godiyar Sinawa. Washegari da sassafe ya je wurin tsohuwar nan shi kaɗai, ya dawo yana tura babban keke mai kwando, ya jingine shi a ƙofa ya ce wai arha ya samu. Sauran kwanakin Umma ce a gaba, mu a tsakiya, shi a baya da mota. Sharaɗi ɗaya ya kafa, ba ɗaukar hoto.

Yanzu ina aiki a unguwar Tianhe, nan Guangzhou. Kekuna suna jere a bakin kowace tasha, da waya ake buɗe su, kowace safiya nakan ɗauki ɗaya. Abba da Umma sun koma Kano tuntuni, gwiwa ta matsa mata, sallah ma a kan kujera take yi. Ba ta sake hawa keke ba tun Hainan, sunana ma ta koma ɓoye shi. Wani lokaci nakan yi ta binciken tsofaffin hotunanmu, alhali na san babu. Na tambaye ta ko tana jin takaicin hakan, ta ce ita da ta hau, me za ta yi da hoto. Ni da na tsaya a baya ina kallo, ni ce nake nemansa.