Jimina da Barewa a Gidan Haya

Shekarar da soja suka sake miƙa mulki ga farar hula, na kalli rantsuwar a talabijin a tsaye, ta tagar wani shagon aski a Kakuri, da buhun dusa a kafaɗata. Ruwa ya riga ya sauka, ƙasa tana ƙamshi. Jama'a suna ta tafi, ni kuwa hankalina yana kan jiminu, don ban ba su abincin rana ba.

Tun bayan da masaƙa ta sallame mu na samu aiki a wani ƙaramin lambun dabbobi a bayan Gonin Gora, nesa kaɗan da titin Abuja. Na wani tsohon soja ne, kowa Manjo yake ce masa. Ranar Lahadi bayan coci, da ranakun Sallah, iyaye sukan kawo yara su ga biri da kada da jimina. Ni ne mai shara, ni ne mai ba da abinci. Da yamma in wanke hannu in tafi ajin yaƙi da jahilci a Trikania, in zauna a bencin 'yan firamare, gwiwoyina suna neman taɓa haɓata.

Mulkin farar hula ta gabas da lambun ya iso mana. Ashe rabin filin gonar wasu mutanen ƙauye ce, Manjo ya zagaye ta da waya tun yana cikin kaki, ba wanda ya iya buɗe baki. Da kaki ya tafi, baki ya buɗe. Dattawa suka zo suka nuna iyaka da sandunansu, daga tsamiya zuwa suri. Manjo bai ja da su ba, ya roƙi a bar shi zuwa ƙarshen damina kawai. A wannan rabin ne garken barewa huɗu yake, da na gada uku, da akurkin zabi, da wasu manyan kunkuru biyu. A rabin da ya rage mana, fili mai faɗi guda ɗaya ne, shi ne na jiminu.

Manjo ya kira ni gindin mangwaro ya ce, "Malam, duk abin da bai samu wuri ba, masu farfesun bakin titi suna jira."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙaramar gadar nan da kwalba na shayar da ita."

"To ka nemo mata ɗaki. Haɗa su da jiminu. In sun zauna zuwa Kirsimeti, sun zauna. In ba su zauna ba, tukunya."

Ya ƙara da cewa a bariki Bayarabe da Tibi da Bahaushe tukunya ɗaya ake zuba musu, shi ya sa ba sa harbin juna. A yi wa dabbobin haka. Maganar ta shige ni, don ni ma da ita na tashi: wanda kuka sa hannu a akushi ɗaya ba ya cin amanarka. Muka tsaga ganguna muka jera, ya zama kwami dogo a tsakiyar filin, da kwatarniyar ruwa a gefensa. Kowa ya zo nan ya ci, ya sha, su saba.

Da farko kamar abin zai yi. Jiminu suna ci ta wannan kai, barewa ta wancan, gada suna jira sai kowa ya tashi su lallaɓo. Sai damina ta ja baya, ƙwaurin namijin jiminar ya yi ja, alamar ya shiga lokacin barbara. Wata safiya ina zuba dusa, wata barewa ta miƙa wuya kusa da macen. Ban ga tashin ƙafarsa ba, ƙarar kawai na ji, kamar an fasa ƙwarya. Da ƙyar na ja ta waje na yanka kafin ta cika. Da na koma ɗauko bokitina, ya bi ni, ya tsaga mini wando da cinya gaba ɗaya.

Daga ranar gada suka daina zuwa kwami. Suna bin jikin waya suna kai da kawowa har suka yi hanya a ƙasa. Ɗaya ta firgita ta daki wayar da gudu, wuyanta ya karye. Zabi ma aka tattake wasu a bakin ruwa. Manjo ya zo ya tsaya ya duba, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Har yanzu Kirsimeti da saura." Amma na ga wani mai farfesu ya fara zuwa gaisuwa da sassafe, yana leƙen garke.

Gidan da nake haya a Kakuri ɗakuna ne a jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida. Ina zaune a ƙofar ɗaki da cinya a ɗaure, sai rigima ta tashi a bakin famfon a kan wa ya fara ajiye bokiti. Maƙwabciyata, mutuniyar kudancin Kaduna mai sayar da kunu, wadda muke kira Maman 'Yan Biyu, ta janye jarkarta ta zo ta zauna kusa da ni tana dariya.

"Baban Jimina, yaya ƙafa? An ce tsuntsu ya yi maka horon soja."

Na ba ta labarin kwami da akushi ɗaya. Ta riƙe haɓa.

"Kai da Manjon naka ba ku taɓa zaman haya ba ne? Shekara nawa muke gidan nan, ka taɓa ganin an yi faɗa a ɗaki? A famfo ake yi. Da mai gida zai ce mu haɗa murhu ɗaya, da tuni an kwashe mu a motar 'yan sanda. Ni in Oga mai walda ya dawo da hayaniyarsa, tashi nake in shiga ɗakina in ja ƙofa. Shi ya sa da safe nake iya gaishe shi."

Oga mai walda, mutumin gabas ne mai gareji a Sabon Tasha, yana wanke ƙafa a ƙofarsa. Ya ce, "Madam, ina jin ki fa."

"Ai don ka ji na faɗa."

Na daɗe ina juya maganar. Barewa ba ta da hannun jan ƙofa. Amma tana da gajarta, namijin jimina kuwa ba ya iya sunkuyar da ƙirjinsa. Na ɗingisa zuwa wajen Oga na zana masa a ƙasa da tsinke: ɗaki na ƙarfe a kowace kusurwa, ƙofarsa a buɗe kullum, amma da sanda a gicciye daidai ƙuguna. Na gada kuma a sauke sandar zuwa gwiwa, don ko namijin barewa kada ya bi su.

Oga ya ce, "Wato so kake in gina wa akuyar daji sel-konten, ɗaki da bayinsa. Ni da ɗaki ɗaya nake kwana da yara biyar."

"Kai ba a harbinka da ƙafa."

"Ba ka san matata ba."

Manjo ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya nuna wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da ta mutu a bayan lambu, ya ce mu cinye ta. Oga ya yanka ta gunduwa-gunduwa. Sifirin ya zama ginshiƙai, bututu ya zama sandar ƙofa, bodin ya zama rufi. Muka fasa dogon kwamin. Na jiminu muka rataye shi a sama, inda barewa ba ta kai, na ƙananan kuma muka shigar da shi ɗakunansu. Ruwa muka raba wuri uku, na tono gamba da saiwarta na dasa a tsakani, yadda mai sha a nan ba zai hango mai sha a can ba.

Sauran aikin haƙuri ne, wanda kuwa ya fara koyon baƙi da furfura a gemu ya san haƙuri. Na killace jiminu a bayan zana, na bar ƙananan su kaɗai a filin. Kullum in zuba harawar gyaɗa a cikin ɗakunan, in koma gefe in zauna. Gada ne suka fara shiga. Barewa suka yi ta shinshina ƙarfen, ƙaurin walda yana korarsu, sai da na shafe shi da kashinsu. Ban cire zanar ba sai da na ga ko ganye ya faɗo, kowa ɗakinsa yake nufa ba waya ba.

Ranar da na saki jiminu, Manjo yana nan, Oga ma ya rufe gareji ya zo. Namijin ya zaga filin, ya buɗe fukafukai, ya bi wata barewa da gudu. Ta sunkuya ta shige ɗakinta. Ƙirjinsa ya daki sandar, ya tsaya, wuyansa a ciki, jikinsa a waje, yana huci. Ita kuwa ta juyo ta kalle shi tana tauna harawa. Oga ya zauna a ƙasa don dariya. Namijin ya sake gwadawa, ya sake, har ya gaji da abin da ba ya biya. Kafin wata ya ƙare, sai ka ga barewa tana kiwo a inuwarsa, kunkuru yana ratsawa ta tsakanin ƙafafunsa, zabi suna tsintar abin da ya zubo daga kwaminsa.

Kirsimetin shekarar cikin azumi ta faɗo. Da bakina a bushe na ɗauki fenti na rubuta allon garken da hannuna, rubutu na farko da na taɓa yi wanda ba malamarmu kaɗai za ta gani ba: JIMINA, BAREWA, GADA, KUNKURU, ZABI. Wani dattijo ya karanta ya ce, "Malam, ga jimina na gani, amma ina gadar? Ko rafi babu a nan." Na nuna masa ƙaramar da na shayar, ta leƙo daga ɗakinta. Jama'a suka cika jikin waya har ba wurin tsayawa, iyaye suna ɗaga yara a wuya.

Mai farfesun ma ya zo. Manjo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sayi tikiti ka kalla, abokina. Kallo kawai ake sayarwa a nan." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, sun zauna."

Abin da muka rasa kafin su zauna: rabin fili, barewa ɗaya, gada ɗaya, zabi shida, mota guda, da wandona.