Tekun da ke falon Barnabas

Barnabas ɗan kawuna ne, abokin wasana tun muna yawo da gajeren wando, kuma a duk Kaduna shi kaɗai na sani da ya mallaki teku alhali bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya taɓa tsallakewa kogin Kaduna ne, shi ma ta kan gada, a cikin bas, ido a rufe. Amma ka shiga Unguwar Dosa ka ce gidan mai teku kake nema, ko akuya sai ta raka ka har ƙofa.

Sana'arsa gyaran famfo da injin ruwa. Ya yi shekaru yana aiki a wani otal ta wajen Malali, inda mai otal ɗin ya kafa wani ƙaton akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da kifaye masu launi kamar an yi musu ɗinkin Kirsimeti. Mutumin da aka ɗauko daga Legas don ya kula da su kewar gida ta kama shi, ya koya wa Barnabas abin da ya sawwaƙa, ya tattara ya koma. Da aka sayar da otal ɗin, sabon mai shi ya ce a fitar masa da wannan kududdufi, talabijin zai sa a wurin. Barnabas ya roƙi ƙaramin akwatin da ke ajiye a baya, da kifi biyu, da wani dutse mai rassa. Ni na riƙe gefe ɗaya ranar da aka shigo da shi gida, har yau bayana bai yafe masa ba.

Dutsen nan murjani ne. Ba irin wanda mata ke ratayawa a wuya ba, danginsa ne mai rai. Kore shar, jikinsa duk ƙananan bakuna, in ruwa ya kaɗa sai ka ga suna rausaya. Matarsa Hannatu ta tsaya a ƙofar falo da ludayi a hannu, ta dube shi, ta dubi kifayen da ko kyanwa ba za su ƙosar ba.

"Baban Patience, wannan ɗin ci ake yi ko sha?"

"Kallo ake yi."

"To, Allah ya ba mu ƙoshi."

Ba a daɗe ba ta raɗa wa dutsen suna Zogale, saboda korensa.

Wahalar tekun nan a ruwa take. Ruwan rijiya bai yi ba, Barnabas ya ce akwai ƙarfe da dattin da ido ba ya gani. Na famfo ma bai yi ba, saboda maganin da ake zuba masa. Yana da wata 'yar na'ura mai tace ruwa, tana ɗiga kamar hawayen marowaci, sai ta wuni kafin ta cika jarka. Gishirin kuma ba na miya ba ne, a bokiti yake zuwa a motar Legas. Wai a cikinsa akwai sinadarai barkatai, har da wani mai kama da alli da Zogale ke gina ƙashinsa da shi. Na lasa sau ɗaya, gishiri na ji da ɗaci-ɗaci, na kwana ina shan ruwa kamar raƙumi.

In zai haɗa, gishiri yake barbaɗawa cikin ruwa, ba ya taɓa zuba ruwa a kan gishiri. Ya sa ɗan inji ya yi ta juyawa har washegari. Sannan ya ɗauko wani ɗan bututu mai madubi, ya ɗiga ruwan a baki, ya ɗaga sama, ya kanne ido ɗaya ya leƙa. A ciki akwai layi mai nuna yawan gishiri. Nakan ce masa, "Sarkin Teku, ka hango Legas?" Sai ya ce, "Na hango wani zauna-gari-banza a kan kujerata." Gidan yana da sola, amma na kifi ne. In an ɗauke wuta, firij ya mutu, fanka ta tsaya, mutane su yi ta fifita, kifaye kuwa suna shawagi cikin shuɗin haske kamar 'ya'yan gwamna.

Aiki ɗaya ne ya bar wa Hannatu, ko in ce ta ƙwace. Kullum ruwan akwatin yana raguwa, zafi na shanye shi. Sai dai ruwa ne kawai ke tashi, gishiri yana nan zaune, don haka abin da ake mayarwa tataccen ruwa ne zalla, ba gishiri ko ƙwaya. Hannatu ta ja layi da jan farce a jikin gilashin. Kowace safiya, in sun gama addu'a, ta ɗauki kofi ta tsiyaya a hankali har ruwa ya taɓa layin, tana magana da Zogale kamar maƙwabciya. Shekara da shekaru haka, har ya yi rassa ya kusa cika rabin akwatin. Da 'yan'uwa suka matsa su dawo ƙetaren gada, kudancin gari, kusa da dangi, Barnabas yana kame-kame, ita ta yanke magana. Ta ce Zogale ba zai jure girgizar mota ba.

Cikin bazarar bara Hannatu ta kwanta. Ciwon bai ba mu lokacin sabawa da shi ba. Ranar wata Lahadi tana rera waƙa cikin matan zumunta, Lahadin da ta biyo muna tsaye a barandar asibiti ana ce mana mu yi haƙuri.

Gida ya cika, Kirista da Musulmi, har kan titi aka shimfiɗa tabarmi. Rana kuwa kamar an sauko da ita kan kwano. Masu gaisuwa na neman ruwa, wata ta leƙa lungu ta ga jarkoki cike da ruwa garai-garai, aka yi ta zubawa a kofuna ana miƙawa. Ba wanda ya yi laifi, ruwa ne, mutane na jin ƙishi. Matan kuma ba sa barin mazubi wayam a gidan makoki, suka ja na rijiya suka cike jarkokin, suka mayar da murafe.

Barnabas bai san an yi ba. Da za mu ɗauki gawa zuwa ƙauyenmu ta wajen Zonkwa, inda ake binne namu, ya miƙa makulli ga Maman Joshua, shugabar zumuntar mata ta cocinsu. Ya nuna mata abincin kifi, ya nuna mata jan layin, ya nuna jarka, ya ce in ruwa ya sauka ta ƙara. Iyakar abin da bakinsa ya iya furtawa ke nan.

Maman Joshua ta dafa abincin biki da na makoki fiye da gashin kaina. Tun daga ƙofar gida takan ji miyar da gishiri bai ji ba. Ta ɗanɗana ruwan jarka, ta ji salam. Ta ɗanɗana na akwati, ta ji gishiri. Duk unguwa an san kifin Barnabas ba ya zama sai a ruwan gishiri, sai ta ce baƙin ciki ne ya mantar da bawan Allah. Ta ɗebo gishirin kicin, ta dama, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta ƙara, ta sake lasa, har ruwan biyu suka zama ɗaya a harshenta. Ta zuba har layi. Kullum ta zo sai ta yi haka, ba ta tsallake rana ba.

Mun wuce mako a ƙauye. Da muka dawo mun tarar an share gidan an goge, an wanke labule, ga tuwo a kula. Maman Joshua ta tare mu a ƙofa.

"Baban Patience, sannu da hanya. Yaya ƙarin haƙuri?"

"Mun gode Allah, Mama."

"Kifi ɗaya ya bi uwar ɗakinsa. Su ma suna ji, ka sani. Na binne shi gindin gwanda. Ruwan kuma ka manta ba ka sa gishiri ba, amma na gyara."

Ya ce mata sannu da aiki. Sai da ta fita ya matsa kusa da akwatin. Ruwan ya yi hazo-hazo. Kifin da ya rage ya maƙale a lungu yana haki. Zogale ya rufe bakunansa duka, kan rassan ya fara fari. Barnabas ya ɗiga ruwa a bututunsa ya leƙa, ya daɗe bai sauke ba. Na buɗe baki zan yi tsokanata ta kullum, ya ce gishiri ya wuce kima, na rufe.

"A zubar a sake sabo mana," na ce.

"Ba a yi masa gaggawa, Nuhu. In na sauke gishirin lokaci ɗaya, shi ma kisa ne. Sai kaɗan-kaɗan."

Haka ya zauna. Na'ura na ɗiga, yana jira. Ya kwashe kofi kaɗan na tsohon ruwa, ya mayar da sabo, ya auna, ya koma ya zauna. 'Yarsu Patience, da ta zo daga Jos, ta yi ta ajiye abinci a gabansa tana ɗaukewa da sanyi. A ƙauye ban ga hawayensa ba, ko da ake mayar da ƙasa. A gaban gilashin nan na gani, ranar da naman wani reshe ya saɓule kamar tsumma ya bar ƙashi. Farin ya yi ta gangarowa daga sama, reshe bayan reshe, shi kuma yana biye da shi da kofi.

Raina ya ɓaci, na ce bari in je in gaya wa matar nan abin da cokalinta ya yi.

"Ka zauna."

"Ai gara ta sani."

"Ita ta wanke Hannatu, ita ta sa mata kaya. Ka je ka ce mata me?"

Na zauna.

Da ruwan ya daidaita, abin da ya rage na Zogale bai fi farcen babban yatsa ba, can ƙasa ta gefen da haske bai cika kaiwa ba. Sauran duk fari fat.

Ranar Lahadi bayan sujada matan zumunta suka zo gaisuwa cikin zanensu iri ɗaya. Suka yi waƙa, suka yi addu'a, suka cika falon har ba wurin taka ƙafa. Da za su tashi, Maman Joshua ta sunkuya ta leƙa akwatin, fuskarta ta washe.

"Ka ga yadda ya yi fari tas. Da can duk gansakuka ta rufe shi. Hannatu ba ta nan ta ga kyansa."

Ina kallon Barnabas. Ya juyo wurinta.

"Kin yi ƙoƙari, Mama. Ubangiji ya saka miki."

"Ba komai, ɗana. Duk ranar da za ka yi tafiya, kawo makullin kawai. Hannuna ya riga ya saba."

"To, Mama."

Tun daga ranar Barnabas bai sake kwana a wajen Kaduna ba. In ya ba wani makulli, Maman Joshua za ta ji, za ta tambayi laifin da ta yi. In ya ba ta, ya san abin da zai tarar. Na ce ya bar mini, ya ce gidanta na kallon ƙofarsa, kuma ni ko tukunyar shayi aka bar mini sai ta ƙone. An kira shi aiki Zariya ya tafi da asuba ya dawo da yamma. Patience ta haihu, ita ta kawo masa jaririn.

Da shekara ta zagayo, dangi suka sa ranar zuwa ƙauye a yi wa kabarin siminti, a kafa allon suna, a kwana ana addu'a. Kawunai suka yi ta waya, wasu har da faɗa, wai wane irin miji ne wannan. Ya ce musu aiki ya riƙe shi. Ya raka ni tasha, ya ba ni zanen da za a ba tsofaffin gida, ya ce in tsaya a kan mai rubutun allon kada ya ɓata sunanta.

Na dawo na same shi a falo da kofi a hannu. Koren nan ya ɗan faɗaɗa, sai ka matso sosai za ka lura. Na miƙa masa waya ya ga hoton kabarin. Ya daɗe yana kallo, ya ce simintin ya yi kyau, ya tambaya ko an share ciyawar da ke gefen kai. Na ce an share. Ya miƙo mini wayar, ya ce in matsa, ina tare masa haske.